Darasin Kiwo: Gamba, Ciyawar Da Ya Kamata Falke Ya Shuka Da Hannunsa

'Yan'uwa fataken shanu, dillalai da masu masauki, na Malanbil da Gene da Karimama, da na ƙetaren gada, Gaya da Kamba har zuwa Doso. Darasinmu na wannan fitowa a kan ciyawa yake, ciyawar ma guda ɗaya, wato gamba. Na san wani zai ce, mu da muke saye da sayarwa me ya haɗa mu da noman ciyawa, ai wannan aikin makiyayi ne. To, a yi haƙuri a karanta. Duk wanda ya taɓa riƙe shanu ashirin a bakin iyaka cikin watan Afrilu, yana jiran takarda, ko mota, ko kasuwa ta gyaru, ya san yadda riba take zubewa a turke, kullum tozo yana kwanciya, haƙarƙari yana fitowa, mai ciyawa kuma yana ƙara kuɗin dami.

Bari mu fara da lissafi, tun da shi muka fi ganewa. Masana kiwo sun ƙiyasta cewa sa matsakaici mai nauyin kilo 250 yana bukatar kimanin kilo 6 na busasshen abinci a kowace rana. Shanu 20 ke nan kilo 120 a yini. Idan suka yi maka kwana 30 a hannu, ka ciyar da kilo 3,600, wato tan uku da rabi har da ɗoriya. Kowa ya buga wannan da farashin damin ciyawa ko na harawa a garinsu lokacin bazara, sa'an nan ya cire daga abin da yake sa ran samu a Faraku ko Kwatano ko Legas. Abin da ya rage shi ne ribar gaskiya.

Da can ba a wannan lissafi, domin daji yana nan, a kora shanu da safe su dawo da yamma a ƙoshe. Yanzu kuwa auduga ta ci tudu daga Kandi zuwa Banikwara, shinkafa da albasa sun ci bakin kogi, maganin feshi na kashe ciyawa ya shiga kowane ƙauye, shi kuwa ba ya bambanta ciyawar banza da ta amfani. Gandun dajin W an hana kiwo a cikinsa, ga kuma rashin tsaro. A ƙarshen shekarar 2019 gwamnatin Benin ta hana garkunan ƙasashen waje shigowa cin rani. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, motoci suka yi layi har ba a ganin ƙarshensu. Benin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata a lokacin ba. A watan Mayun 2025 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi ana dab da babbar salla. Ban kawo waɗannan don siyasa ba. Na kawo su ne don a ga cewa a wannan sana'a tamu dabba tana iya maƙalewa a hannunka wata guda ko biyu ba da shirinka ba, kuma a ranar da hakan ta faru, mai rumbun ciyawa shi ne zai iya cewa "albarka" idan an yi masa tayin wulaƙanci.

Wace ce gamba?

Ba sai an gabatar da ita ga Bahaushe ba, da ita muke saƙa zana. Amma akwai abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Kyasuwa da ƙarangiya da harƙiya ciyayin shekara ɗaya ne: su tsiro da damina, su zubar da iri, su mutu, baɗi sai sabo. Gamba kuwa gindinta ba ya mutuwa. Shekara da shekaru tana nan a wuri guda, tushen yana ƙara faɗi. Tsawonta yakan kai mita 3, wani wuri har 4. Saiwarta iri-iri ce: akwai sirara da suke bazuwa kusa da fuskar ƙasa suna tsotse ɗan yayyafin farko, akwai masu kauri da suke riƙe gindi suna ajiye abinci, akwai kuma masu nutsewa ƙasa har wajen mita 3 suna neman laima. Wannan ne ya sa take daɗewa da ɗanyen ganye bayan sauran ciyayi sun bushe, kuma ruwan farko na sauka, ko ma kafin ya sauka idan iska ta yi laima, sai ka ga ta yi toho alhali fili duk fari ne. Makonnin nan na ƙarshen bazara da farkon damina, su ne lokacin da shanu suka fi faɗuwa, su ne kuma lokacin da gamba take da abin bayarwa.

Tana jure rani mai tsawo har na wata tara, tana yi a inda ruwan shekara ya kama daga milimita 400 zuwa sama. Mu nan ƙasar Dandi ruwanmu ya fi haka nesa, saboda haka ba mu da uzuri ta wannan fuska.

Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta gemun namiji, saboda gashin nan mai laushi da yake jikin kanta. Wanda ya raɗa sunan ya kalle ta da kyau.

Yadda wasu suka ɗauke ta

A Shika, kusa da Zariya, akwai tsohuwar tashar binciken dabbobi, wadda ta zama cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello. A shekarar 1973 aka ɗauki irin gamba daga Shika aka kai cibiyar CIAT da ke ƙasar Kolombiya a Kudancin Amurka. Suka gwada ta a ƙasarsu mai tsami wadda ciyayi da yawa ba sa yi, suka ga ta karɓa. A 1980 aka raba ta ga makiyaya, a Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Barazil da sunan Planaltina. Barazil ɗin nan tana cikin ƙasashen da suka fi kowa fitar da naman shanu a duniya, kuma har da ciyawarmu a cikin abin da suka shuka a filayen kiwonsu. Su suna sayen irinta da awo, mu muna fesa mata magani a bakin gona.

A nan kusa kuma, a tashar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, an yi bincike wajen 1990 a kan jera gamba layi-layi a gonar gero, aka tabbatar tana tare rairayin da iska take kwashewa. Manoman Doso da Maraɗi ba su jira bincike ba, tun kakanni suke barinta a kan iyakar gona.

Akwai kuma labarin Ostareliya, amma na ajiye shi sai mun zo maganar wuta.

Inda take yi da inda ba ta yi

Jigawa, jar ƙasa, ƙasa mai tsakuwa, tsohuwar saura da ta gaji da auduga, duk tana yi. A fako ma tana kamawa idan an haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwa, kamar yadda ake yi a Nijar wajen farfaɗo da ƙasa, aka zuba ɗan taki. Inda ba na ba da shawara shi ne kwarin da Kwara ko Sota suke kwanciya a kai wata da watanni. Wannan wurin burgu ne, a bar masa abinsa. Haka kuma ƙasa mai gishiri, irin ta wajen Foga, ba ta sonta.

Ba sai kana da hekta goma ba. Gona mai hekta ɗaya, idan murabba'i ce, kewayenta mita 400 ne. Idan ka dasa gindi ɗaya a kowane rabin mita, layi ɗaya ya ci gindi 800, layi biyu 1,600, kuma ba ka taɓa wurin dawa ko masara ba. Wanda yake da fili kusa da kara ko bayan gari inda yake tsare shanu, ya ware ko da kwata ne ya cika shi.

Dashe ko iri?

Hanya biyu ce, ni kuwa na fi son dashe ga mai farawa. Dalili shi ne irin gamba yana da wuyar sha'ani. Ba shi da nauyi, gashi ne ya fi yawa, da yawa daga cikinsa ma fanko ne ba ƙwaya. Sabon iri kuma ba ya tsirowa sosai sai ya kwana wasu watanni a ajiye. In ya tsiro, ɗan tsiron yana tafiya a hankali, ciyawar shekara takan rufe shi ta kashe.

Ga yadda ake dashe. A jira damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu sosai, wato daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli. A sami tsohon gindi mai lafiya, a sa magirbi ko diga a ɓanɓari gefensa da saiwa. Kada a tumɓuke shi duka, a ɗauki kashi ɗaya cikin uku a mayar da ƙasa, zai cike gurbin da kansa. Abin da aka ɓanɓaro a rarraba shi, kowane rabo da kara uku zuwa biyar da saiwarsu. A datse ganyen a bar kamar taƙi ɗaya, domin dogon ganye yana shanye ruwan jikin dashen kafin saiwa ta kama. A dasa a ranar, da yamma ya fi, in kuwa an dace da hadari to madalla. A taka gindin da ƙafa ƙasa ta kama shi. Tsakanin gindi da gindi kamu ɗaya, tsakanin layi da layi taku ɗaya mai kyau. Da wannan tazara hekta tana cin gindi wajen 20,000, shi ya sa na ce a fara da iyakar gona ko ɗan fili. Bayan shekara biyu naka gindin zai ba ka abin da za ka faɗaɗa da shi, ba ka roƙi kowa ba.

Mai son shuka iri kuma, ga nasa. Gamba tana fitar da kai ne idan rana ta fara gajarta, wajen Oktoba, iri ya nuna cikin Nuwamba. Alamar nuna ita ce ka kama kai ka ja a hankali, iri ya biyo hannunka. A yanke kawunan da lauje da safe, a tara a inuwa a rufe da buhu kwana uku ko huɗu, sa'an nan a kakkaɓe, a shanya, a zuba a buhun da iska take shiga, a rataye inda ɓera da gara ba sa kaiwa. Buhun leda yana gumi ya ɓata shi. Da damina a cuɗa shi da yashi mai ɗan laima don kada iska ta kwashe, a ja layi marar zurfi, a zuba, a rufe da ƙasa kaɗan, kaurin yatsa ɗaya ya isa. Wanda ya binne shi kamar masara ba zai ga komai ba. Noma biyu dole ne a shekarar farko. Kuma a ja wa yaran gona kunne, domin ƙaramar gamba da sauran ciyawa kama suke yi, mai fartanya zai share ta yana ganin ya yi aiki. Shi ya sa layi ya fi watsi.

Ko dashe ko iri, shekarar farko ba ta dabba ba ce. Akuya ɗaya tana iya tumɓuke aikin mako guda. A yi shinge da ƙaya, ko a dasa a cikin gonar da ake tsaro har a yi girbi, bayan girbin ma a kare.

Maganar yanka, wadda ita ce zuciyar darasin

A nan ne mutane suke yin asara, har su ce gamba ba ta ƙosar da dabba. Gamba ɗaya ce, amma ta Agusta daban, ta Disamba daban. Ɗanyen ganye kafin ta yi kara yana ɗauke da sinadarin gina jiki, wanda ake kira furotin, kimanin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Idan ta yi kara, ta fitar da kai, ta bushe a tsaye, yakan faɗi zuwa kashi 2 ko ƙasa da haka. Tumbin saniya kuwa yana bukatar wajen kashi 7 kafin ya narkar da ciyawa yadda ya kamata. Wato sa yana iya cika ciki da busasshiyar gamba ta Janairu, ya kwana yana tuƙa, amma yana ramewa. Dami biyu suna iya zama girma ɗaya a kasuwa, ɗaya abinci ne, ɗaya kuwa kayan zana ne. Mai saye ya duba: ganye ya fi yawa ko kara? Da sauran kore a jiki ko ya yi fari fat? Ya sansana, ciyawar kirki tana da ƙanshi.

Saboda haka tun farko ka yanke shawara, wannan layi na ci ne, wancan na zana da iri ne. Gindi ɗaya ba zai ba ka duka biyun a shekara ɗaya ba. Na ci, daga shekara ta biyu, a fara yanka idan ta kai tsakanin gwiwa da ƙugu, a sake bayan kamar kwana 40, a yi na ƙarshe cikin Satumba kafin kara ya miƙe. Kada a aske ta har ƙasa, a bar taƙi ɗaya ko fiye, daga nan take sake tohowa. Bayan kowane yanka a watsa takin shanu. Mu da muke da turke ba mu da matsalar taki, sau da yawa ma rasa inda za mu kai shi muke yi.

Shanya cikin damina ita ce wahalar. Yankan Yuli da Agusta gara a ba dabba ɗanye, ko a sayar ɗanye ga masu kiwon turke a cikin gari. Yankan Satumba shi ne na ajiya. A yanka da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, a baza, a juya, kwana biyu ko uku, a ɗaure tun da sauran korensa. A ɗora a kan rumfa ko a sa a ɗaki bisa itace, kada ya taɓa ƙasa saboda gara, a kuma rufe sama. Ingiricin da aka bari a rana tun daga kaka har bazara rabin amfaninsa ya tafi.

Littattafan masana suna cewa hekta tana ba da busasshiyar ciyawa daga tan 4 zuwa sama da 20, gwargwadon ruwa da taki. Ni dai ina ba da shawara mu yi lissafi da na ƙasan. Ko da tan 4 ɗin ne, ka ga ya rufe shanu 20 na kwana 30 da muka lissafa a sama. Amma kada wani ya ɗauka gamba kaɗai za ta yi masa ƙiba. Ita tana riƙe jiki ne. Mai son tozo ya tashi sai ya haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da angurya, ga kanwa ko gishiri, ga ruwa isasshe. Bokolo da aka saba masa da turke ya fi saurin nuna amfaninta. Jajayen shanun daji sukan ɗauki kwanaki kafin su saki jiki da ci a ɗaure.

Idan kuwa sakin shanu za a yi a cikinta maimakon yanka, to a raba filin. Su ci nan kwana kaɗan, a mayar da su can, a ba wa na farko hutun wata guda ko fiye. Abin da ya kashe gamba a yawancin makiyayarmu ke nan: tana toho ana cinyewa, tana toho ana cinyewa, har abincin da ta ajiye a saiwa ya ƙare, gindin ya ruɓe, garmani ya gaje wurin.

Wuta

An kai gamba arewacin Ostareliya tun shekarun 1930, daga baya aka fitar da wani iri mai suna Kent don makiyaya. Sai ta tsallake shinge ta shiga dajin da babu mai yanka, babu dabbar da za ta ci. Ta yi tsawo, ta yi kauri, ta bushe a tsaye. Gobararta ta ninka ta ciyawar ƙasar sau da yawa, har tana kashe manyan itatuwa a yankin Darwin. A 2008 hukumomin can suka sa ta cikin miyagun ciyayi, a 2012 ta shiga jerin waɗanda ƙasar baki ɗaya take yaƙi da su. A wurinmu ba za ta zama haka ba, nan ne gidanta, ga baki da yawa masu jiranta. Amma gamba da aka bari ba yanka makamashi ce, ko a ina. Wanda ya bar layin zana ya yanke shi cikin Nuwamba ko farkon Disamba, kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi, ya kuma share faɗin taku uku ko huɗu kewaye da filin. Gaskiya ne gindinta ba ya mutuwa da wuta, yakan ma yi toho bayanta, shi ya sa wasu makiyaya suke cinna mata. Sai dai wutar Maris ba irin ta Nuwamba ba ce, tana cin taki, tana cin itace, wani lokaci har da rumbun maƙwabci, daga nan kuma sai gaban hukuma.

A cikin gida da lambu

A Amurka akwai 'yar'uwar gamba, Andropogon gerardii, ciyawar filayensu ta asali wadda bakanen ƙasar suke ci tun kafin zuwan Turawa. Da noma ya cinye filayen, sai suka koma suna sayenta a tukwane suna dasawa a ƙofar gida da lambunan shaƙatawa don ado. Mu nan in ka ce ka dasa ciyawa don kyau sai a yi maka dariya, amma wanda ya ga gamba cikin Oktoba da hantsi, kawunan nan farare suna sheƙi iska tana kaɗa su, ya san ba ta fi ta kyau ba. Gindi biyar ko shida a jikin katanga, ko kewaye da lambun albasa, suna tare ƙura da iska, suna sitirta gida, ga ɗan abin yanka wa ragon layya. Sharaɗi dai a nisanta ta da madafa da ɗakin jinka, a bar tazara tsakanin gindi da gindi ana sharewa saboda maciji, a kuma datse ta da zarar ta bushe.

Kafin a kai diga

Saura magana ɗaya, kuma ba ƙarama ba ce. Gambar da ka gani a bakin gona tana da mai ita, sau da yawa ma ita ce shaidar iyaka tsakanin gona da gona. Wanda ya ɓanɓare ta ba izini yana iya tayar da rigimar da ta fi ƙarfin damin ciyawa. A nemi mai gona a roƙa, ko a saya. Haka nan yawancinmu baƙi ne a inda muke tsare shanu, filin aro ne ko na haya. A al'adar ƙasashen nan, dasa abin da yake daɗewa a filin aro ana iya ɗaukarsa kamar neman mallaka. Saboda haka a yi magana da mai fili tun farko, a gaban mai gari ko delege da shaidu, a faɗi shekara nawa, a faɗi wa zai ci gindin idan an tashi, in da hali a rubuta. Kada kuma a dasa a kan burtali ko hanyar mashaya, ko da an ga wurin ba kowa. Da kaka garke zai biyo ta nan.

Wanda yake da niyyar dasawa baɗi, aikinsa yana farawa ne tun Oktoban bana: ya zaga ya ga gindin da ya fi ganye da laushi, ba wanda ya fi tsawon kara ba, ya san mai shi, ya ɗaura masa ƙyalle don ya gane shi idan Yuni ta zo. Shugabannin kara kuma, a Gene ko a Malanbil, suna iya ware ɗan fili a gefen kasuwa a killace shi ya zama wurin samun dashe ga 'yan ƙungiya, taki yana nan a wurin, mai gadi ma yana nan.